Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga mai gabatar da ƙara da alƙalan Damagaram kan marin da ake ce wa «ba komai»

Zuwa ga mai girma mai gabatar da ƙara na Jamhuriya a babbar kotun Damagaram, da masu shari'a da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ranku ya daɗe, ni tsohon malamin makaranta ne. Na yi shekaruna riƙe da alli a ƙauyuka da cikin gari kafin in ajiye aiki. Yanzu in rigima ta tashi a layinmu, ina cikin dattawan da mai unguwa ke aika yaro ya kira, mu zauna da shi a zaure. Ban karanci shari'a ba, ban kuma taɓa tsayawa gabanku ba ko da a matsayin shaida. Abin da na sani shi ne abin da ba ya isowa teburinku: mari, mangari, dundu, shaƙe wuyan riga, hankaɗa mutum ya faɗi, duk dukan da bai fid da jini ba, bai karya ƙashi ba. A zaure muke kashe maganarsa, kuma na daɗe ina cikin masu kashewa.

Bazara biyu da suka wuce, lokacin da ruwa ke yanke wa unguwanni kwana da kwanaki, jarkoki suna layi a bakin famfo tun kafin asuba, wani ɗan ga-ruwa ya turo kurarsa cike zai fita titi. Saurayi ne da bai fi shekara goma sha tara ba, daga ƙauye ya zo cin rani. Ƙafar kurar ta faɗa rami, ruwa ya fantsama, ya jiƙa gindin rigar wani mutum mai hali da ke fitowa daga mota. Kafin yaron ya gama cewa «yi haƙuri, Alhaji», an kwaɗa masa mari biyu, hagu da dama, gaban mata da yaran da ke layi. Leɓensa ya kumbura, ya ce kunnensa na ƙara. Ya ajiye kurar a nan, ya ce komisariya za shi.

Ba mu bar shi ya je ba. Aka riƙe shi aka kawo zaure, muka kewaye shi mu biyar. Wani ya ce mari ne fa kawai, ai ba jini. Wani ya ce haƙuri maganin zaman duniya. Wani ya tuna masa shi baƙo ne, kuma a gidajen nan yake sayar da ruwansa. Ni kuwa na ce masa mutumin nan sa'an babanka ne, in babanka ya mare ka hukuma za ka kai shi? Wanda ya yi marin bai taka ƙafarsa zauren ba. Ƙanensa ya aiko da jika biyu, wai kuɗin magani. Yaron bai taɓa kuɗin ba, a kan tabarma ya bar su. Muka yi ta matsa masa har ya ce «na yafe», idonsa a ƙasa, muryarsa na rawa. Muka shafa fatiha, muka tashi muna ganin mun yi aikin lada.

Da damina ta wuce na fara ganinsa da yamma wajen samarin da ke ɗaga ƙarfe a ƙarshen unguwa. Bazarar da ta biyo baya aka sake kiran mu zaure. Wannan karon shi ne a zaune gefen mai laifi: wani almajiri ƙarami ya jingina da kurarsa a bakin famfon nan dai, ya zabga masa mari har yaron ya kife. Da na fara yi masa faɗa, sai ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai yi ba a zaman farko, ya ce: «Malam, mari ne fa kawai. Ku ce masa ya yi haƙuri.» Ban sami abin ce masa ba. Tun ranar nake juya wannan wasiƙa a raina.

Na nemi kundin dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu, wadda aka kafa ranar 15 ga Yulin 1961 aka kuma yi mata babban gyara a 2003, na karanta da Faransancin da na koyar shekara da shekaru. Aya ta 222 ba ta bar wurin gardama ba: wanda ya ji wa wani rauni da gangan, ko ya buge shi, ko ya yi masa wani cin zarafi da hannu, hukuncinsa ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2 da tarar jika 10 zuwa jika 100 na sefa, ko kuwa ɗaya daga cikin biyun. Ba a ce sai jini ya zuba ba. Ba a ce sai wanda aka buga ɗan gari ne ko sa'an wanda ya buge shi ba. In an shirya abin tun da wuri, ko an yi kwanton ɓauna, ko an ɗauki makami, hukuncin ya ƙaru. Ku kun san wannan kamar yunwar cikinku. Amma ku tsaya a bakin Kasuwar Dole ku tambayi mutum goma ko mari laifi ne a dokar Nijar, za ku ji abin da za su ce. Ni kaina da na yi rayuwata cikin takarda, sai da furfura ta cika mini kai na san lambar ayar.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne batun tsokana, don shi ne bargon da kowane mai saurin hannu ke lulluɓa da shi. Duk wanda aka kawo mana, kalmominsa ba sa wuce waɗannan: ya raina ni, ya yi mini kallon banza, ya mayar mini da magana, ya sha gabana a layi, zuciya ce ta ɗebe ni, sharrin shaiɗan ne. Mu kuma mu gyaɗa kai kamar ya kawo hujja, mu juya kan wanda aka buga mu ce kai ma me ya kai ka. Dokar ta san tsokana, amma tsokanar da take sassauta hukunci dominta ita ce a fara dukan mutum, ko a yi wa jikinsa mummunan cin zarafi, shi kuma ya rama. Ko a nan ma rage hukunci ake yi, ba a wanke mutum tas. Zagi laifi ne mai zaman kansa, wanda aka zaga yana da ƙofar da zai kai kuka. Harara kuwa, da ruwan da ya jiƙa riga, da kabu-kabun da ya gogi mota bai ko kankare fenti ba, babu ɗayansu da ya ba ɗan Adam izinin ɗaga hannu. In kun lura da kyau, zuciyar da ake cewa ta ɗebi mutum ta san inda take ɗibarsa. Ban taɓa ganin ta ɗebi wani ya mari mai kaki ko ubangidansa ba. Kullum ƙasa take gangarowa, kan ɗan aike, ɗan ga-ruwa, yaron shago, ƴar aiki, almajiri, matar gida.

Za a ce mini addini ya yi umarni da yafiya. Haka ne, kuma babu musulmin da zai yi jayayya da wannan. Amma ayar da ke cikin suratul Ma'ida, aya ta 45, sai da ta fara tabbatar da cewa raunuka akwai ƙisasi a cikinsu, sannan ta yabi wanda ya yafe. Haƙƙi ne a hannun mutum, ya ga dama ya saki don Allah. Wanda dattawa biyar suka tsare a lungu, abincinsa na hannunsu, bai saki komai ba, ƙwace masa aka yi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana dukan fuska ko da a cikin faɗa, ya kuma ce mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. Malamanmu na Malikiyya, duk da ba su ga ramuwa a mari ba, sun bar wa hukuma ta ladabtar da wanda ya yi shi da gangan. Masu tarihi kuma sun kawo labarin Jabala, sarkin Gassan na ƙasar Sham, wanda ya musulunta zamanin Sayyadina Umar. Yana ɗawafi wani talaka ya taka masa mayafi, ya juya ya mare shi. Talakan ya kai ƙara. Umar ya ce wa sarkin ko dai ya nemi yardar mutumin, ko mutumin ya rama. Jabala ya ce yaya za a haɗa sarki da talaka, Umar ya ce musulunci ya daidaita su. Sarkin ya gudu cikin dare zuwa ƙasar Rum, Umar kuwa bai sauya hukunci don ya riƙe shi ba. Mayafi aka taka a can, riga aka jiƙa a nan. Na sha jin labarin nan a wa'azi, ban tuna shi ba ranar da ya kamata in tuna.

Ko al'adarmu ba ta sake wa hannu linzami ba. Mai son gwada ƙwanji, an yi masa fili: dambe da kokawa suna da da'ira, da alƙali, da abokin karawa da ya shigo da yardarsa.

Sai dai, ranku ya daɗe, kada ku ɗauka ina roƙon ku cika gidan kaso da masu mari. In na faɗi haka na ci amanar abin da idona ya gani. Rabin dalilin da ke sa mu dattawa mu tare ƙofa mu hana a kai ƙara shi ne tsoron abin da zai biyo baya. Mun san gidajen kason ƙasar nan cike suke, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi. Ɗan kabu-kabun da ya hankaɗe abokin sana'arsa kan fasinja, in ya kwana wata uku a tsare, mai babur ya ba wani babur ɗin, matarsa ta koma gidansu, ya fito da abokai da bai shiga da su ba. Laifin kuma ya zauna a takardar kaziye, wato takardar kotu mai nuna laifukan da aka taɓa hukunta mutum a kansu, wadda ake nema duk lokacin da mutum zai shiga gasar ɗaukar aikin gwamnati. Saboda wannan ne mutanenmu ke cewa wanda ya kai ka gaban hukuma ya gama zumunci da kai. Sai abin ya rabu gida biyu, kuma dukansu babu daɗi: mai hali ya yi mari ya wuce ko zaure bai zo ba, marar gata kuwa in tsautsayi ya kai shi hannu, ya ɗauki kayan da ya fi laifinsa nauyi. Yara suna kallon duka biyun, kuma suna fahimta.

Abin da nake roƙo shi ne hukunci ƙarami, amma wanda ba ya kuskure kowa, kuma wanda ba ya daɗewa bai sauka ba. Kayan aikin suna hannunku. Aya ta 222 da na ambata ta ba alƙali damar tsayawa kan tara kawai. Akwai ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, wanda ke rataye a wuyan mutum ya san in ya sake zai biya tsoho da sabo. Akwai kuma dokar da aka kafa a 2017 wadda ta ba da damar a sa mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a ba tare da biya ba, maimakon a kulle shi. A kan wannan ta ƙarshe nake so in daɗe, don a ganina ita ce ta fi dacewa da mu. Tara ba ta auna mutane da mudu ɗaya. Jika goma ga mutumin da ya mari ɗan ga-ruwa kuɗin man mota ne, ga ɗan ga-ruwan kuwa gumin kwanaki ne masu yawa. Amma safiyar mai kuɗi da ta talaka tsawonsu ɗaya. Garin nan ba ya rasa aiki: magudanan ruwa na jiran yasa kafin damina, leda ta rufe bakin kasuwanni, harabar makarantu na son shara, itatuwan da ake dasawa kowace shekara suna mutuwa don babu mai ba su ruwa. Ranar da mutanen Birni da Zango da Sabon Gari suka ga babban mutum da tsintsiya a hannu safiya uku a jere, suka tambaya aka ce musu yaron wani ya mara ba gaira ba dalili, ranar za a daina cewa mari ba komai ba ne. Ba don a wulaƙanta shi nake faɗa ba. Shara ba wulaƙanci ba ce, iyayenmu mata suna yin ta kowace safiya. Ina so ne ya ɗanɗana cewa hannunsa ma yana ƙarƙashin doka.

Sai kuma hanyar da ke kawo mutum gare ku. Wanda ke cin abin da ya samu a yini ba zai iya zaryar kwana biyar tsakanin komisariya da asibiti da kotu ba. Takardar likita da ke shaida dukan kuɗi take ci, kumburin mari kuma ba ya jiran a tara kuɗi, kwana biyu ya sace. Da za a samu a sauƙaƙa wa marasa hali wannan takarda, a kuma ware rana a mako da ake sauraron irin waɗannan ƙananan ƙararraki a gama su a zama ɗaya, da an cire wa mutane babban shinge. Tun 2011 ƙasar nan ta kafa hukumar taimaka wa marasa galihu a harkar shari'a, wadda ake kira ANAJJ. Ban taɓa jin sunanta a bakin ɗan ga-ruwa ko ƴar aiki ba, alhali dominsu aka yi ta.

Game da mu masu zaure, ba na neman a rufe mu. Sulhu alheri ne, kuma akwai rigimar da in ta shiga kotu maƙwabta ba za su ƙara gaisawa ba har kabari. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna da masu unguwanni ikon sasanta mutane a al'amuran al'ada da na mu'amala. Ba ta mayar da mu alƙalan laifi ba, kuma kamar yadda kuka fi ni sani, janye ƙara da wanda aka cuta ya yi ba ya ɗaure hannun mai gabatar da ƙara a laifi irin wannan. Ina roƙon ku nemi zama da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa, da masu unguwanni, a shata mana iyaka da kowa zai sani. A ganina sulhun da ya cancanci sunan shi ne wanda mai dukan ya zo da ƙafarsa, ya amsa laifi da bakinsa gaban wanda ya buga, ya biya magani da yinin da ya ɓata masa. A tambayi wanda aka buga shi kaɗai, ba a gaban ubangidansa ba, ko ya yarda. A rubuta, a ajiye. In mutumin ya sake, ko wanda aka buga ƙaramin yaro ne, ko mai rauni, to zaure ya cire hannu, magana ta wuce gare ku. Yanzu akwai mutanen da muka sasanta sau huɗu, sau biyar, kowane karo kamar shi ne na farko, don babu inda aka rubuta na baya.

Mafi yawan waɗannan sau huɗu da biyar ɗin a cikin gidaje suke. Mace ta zo da kumburin ido, a ce mata zaman aure sai haƙuri, a mayar da ita kafin magariba. Na ga wadda aka mayar haka har ta daina zuwa, ba don an daina dukanta ba. Ayar nan ta 222 ba ta ware matar mutum ba. Ni ma ban fito da hannu mai tsabta ba: na riƙe bulala a aji shekaru da yawa, kuma akwai ranakun da na yi duka don gajiyata, ba don laifin yaro ba. Waɗannan yaran yau magidanta ne, wasunsu ina ganin yadda suke da ƴaƴansu.

Duk lokacin da aka yi maganar tashin hankali a Damagaram, sai a nuna samarin gungun daba da ake kira ƴan «palais», a ambaci unguwar Kara-Kara, kamar daga sama suka faɗo da wuƙa a ƙugu. Ban wanke wanda ya sari mutum ba, ku hukunta shi yadda doka ta ce. Amma na koyar da wasu daga cikinsu suna ƴan shekara bakwai, na san fuskokinsu kafin su taurare. Kusan kowannensu ya sha mari a wurin wanda ya fi shi, ya ga an tashi ba a ce wa mai marin komai ba, ya gane cewa a garin nan mai ƙarfi ba ya amsa tambaya. Sai ya tafi neman ƙarfin.

Roƙona na ƙarshe shi ne mafi sauƙi. Ku sa a fassara waɗannan ƴan ayoyi da Hausa, a takarda ɗaya, da boko da ajami: abin da doka ta kira duka, hukuncinsa, abin da take ɗauka tsokana da abin da ba ta ɗauka ba, da inda marar kuɗi zai je a saurare shi. A karanta a gidajen rediyon garin nan, a ba limamai, a liƙa a tashoshin mota da bakin famfuna, a ba kowane mai unguwa kwafi ya ajiye a zaurensa. Saurayin nan har yau yana tura kurarsa ta ƙofar gidana, ba ya gaishe ni, ban kuma ga laifinsa ba. In takardar ta fito, ni zan fara karanta ta a zaurenmu, zan aika a kira shi ya zauna ya ji, zan kuma je da kaina gidan mutumin da ya mare shi in roƙe shi ya zo.

Wassalam.

Naku,
wani tsohon malamin makaranta,
Damagaram.